Tukunyar Cima

Ranar da lokotoro ya miƙo min kwalbar,
ƴar mitsitsiya, ba ta kai babban yatsana ba,
ya ce, "Nomau, a firigo ake ajiye ta."
Na ce to.
Ban gaya masa ba, a Garkawa kuran baƙo ne,
ya sauka da hantsi, kafin azahar ya yi sallama.

Bazara ce, Tawa na tafasa.
Kwalba ta uku ta dahu a aljihuna.
Na yi allura, suga ya ƙi sauka,
na kwana zarya tsakanin tabarma da makewayi,
harshena kamar ƙirgin da aka manta a rana.

A layin awo na gamu da Kuluwa
mai sayar da cuku a bakin tasha.
Ta dubi ƙafata, ta dubi idona,
ta ce, "Kawo lambarka."

Da dare salula ta motsa.
Muryoyi ne, ba rubutu ba,
don rabinmu ba su taɓa zama a lakwal ba.
Ga wani daga Abalak, ga wata daga Ilela,
ga Bizo direba, injin na gurnani a bayan maganarsa.
Kowa da kwalbarsa, rana kuwa ɗaya ce.

Arzika ya ce cikin tulu yake jefa tasa,
ruwa ya cinye takardar, ya rasa ranar ƙarewa.
Agali ya yi dariya, ya ce su a daji
salka suke ratayewa, iska ce ke shan zafin.
Aka yi ta musu har zakara ya sa baki.
Sai Cima maginiya,
wadda ba mu taɓa jin ta wuce "sannunku" ba,
ta ce, "Ku ba ni mako guda."

Mako uku ta ɗauka.
Ta fasa huɗu da hannunta,
ta biyar ta tsage a wuta.
Ta shida ta tsaya:
ƙarama cikin babba, yashi a tsakani,
a jiƙa shi safe da la'asar,
a rufe baki da tsumma mai laima,
a ajiye inda iska ke wucewa.

Ɗan Arzika ya aro ma'aunin zafi,
sau uku kullum, kwana talatin,
yana rubutawa a bayan littafin lissafinsa.

Mu bakwai muka ɗauke ta zuwa asibiti
kamar masu kai jariri awo.
Lokotoro ya ɗaga gira.
Ya tura hannu ciki,
ya daɗe bai fitar ba.
Ya karanta littafin yaron har bango,
ya ja layi a ƙarƙashin ranaku biyu
da muka manta ba mu jiƙa yashi ba.
Ya yi faɗa. Muka haɗiye.
Sannan ya ce, "Wa ya koya muku?"
Kuluwa ta gyara mayafi, ta ce,
"Kai ka karanta ɗakin, likita.
Mu muke kwana inda yake yoyo."

Bizo bai ga wannan rana ba.
Ya tsaya shan iska a hanyar Kwanni, bai tashi ba.
Muryarsa tana nan cikin salulata,
yana tambaya ko za a gina wadda ba ta tsoron gargada.
Cima tana kan gwadawa.
Ta fasa tara.

Jiya, bayan isha, baƙuwar lamba ta shigo.
Mace ce, ɗanta shekara takwas,
yau aka ba su kwalbar farko.
Ba ta yi tambaya ba, numfashi kawai take.

Na zuba wa yashina ruwa,
na goge hannu a riga,
na danna, na ce,
"Sunana Nomau. Yaron ya ci tuwo?"